Kujerar Evaristo

Duk ranar Alhamis, a shagon kofi na Herminia,
can saman Valparaíso, inda tsohon jirgin hawa tudu ke sauke numfashi,
mu biyar muke haɗa tebur biyu,
mu baje takardun hannun jari kamar masu shanyar kifi.
Na shidanmu ba namu ba ne.
Evaristo Quilodrán, tsohon akawun tashar jiragen ruwa,
fensir a bayan kunne, tari a ƙirji,
ba shi da ko sisi a kamfanin,
amma bai taɓa fashin zama ba.

Kamfanin na haƙo ma'adinin batir ne
a wani tafkin gishiri can arewa,
inda babu ɗayanmu da ya taɓa takawa.
Mun dai ga hoto: fari fat,
kamar an yi ɓarin madara har iyakar gani.

Sai ya gyara tabarau ya ce:
"Shafi na arba'in da ɗaya. Can ƙasa, inda rubutu ya ƙanƙance.
Bashin da suka ci bara, da me za su biya?
Ruwan da za su tace gishirin, rijiyar wa?"

Baltasar ya doki tebur har cokula suka yi tsalle:
"Hassada ce! Jirgi ya tashi ya bar ka a gaɓa,
shi ne kake jifan teku!"
Leontina, wadda ta zuba kuɗin sallamarta na koyarwa kaf,
ta ce, "Wa ya aiko ka? Nawa suke biyan ka?"
Ni kuwa na tura masa wayata har hanci:
kore, kore, kore,
kibiya na hawa kamar layin unguwarmu.

Ya duba. Ya kurɓi kofinsa da ya daɗe da hucewa.
"Farashi ra'ayin mutane ne," in ji shi.
"Bashi kuwa lissafi ne. Shafi na arba'in da ɗaya."

Shekara biyu cur bai ci ko sau ɗaya ba.
Jari ya ninka, ya ƙara rabi.
Baltasar ya sake rufin gidansa,
ya kawo rasiɗin kwano ya dire gaban tsohon
kamar maharbi ya dire nama.
Evaristo ya karanta rasiɗin har ƙasa,
ya ce an cuce shi a kuɗin ƙusa.

Sai wata Alhamis ta ruwan Yuli kujerar ta kwana wayam.
Ta biyu ma haka.
A ta uku Herminia ta ce huhu ne,
'yarsa ta ɗauke shi zuwa Temuco, ba ya iya dogon zance.

Muka ce to, kunne ya huta.
Muka sa aka kawo kek, muka yabi kamfani.
Na ce zai hau. Baltasar ya ce zai hau.
Leontina ta ce ai dole ya hau.
Shi ke nan, hira ta mutu,
ko minti goma ba a yi ba.
Ashe shi ne dutsen da muke wasa yaƙininmu a kai,
wuƙa kuwa ba ta wasa kanta.

Daren nan barci ya ƙi.
Na sauko da rahoton daga kan firji,
na goge masa maiƙo, na nemi shafin.
Rubutu ƙanana, kamar tururuwa ta bi sahu.
Na karanta sau uku da tabarau ɗin matata.
Ban gane duka ba.
Ɗan abin da na gane
ya isa ya sa ni ɗora ruwan shayi ƙarfe uku na dare.

Ban sayar ba, kada wani ya yi mini ƙazafi.
Har yau kibiyar nan, yau kore, gobe ja,
ba ta ba kowa gaskiya ba tukuna.
Amma Alhamis ɗin da ta wuce,
da Baltasar ya soma lissafin motar da zai saya,
sai na ji wata murya ta ce,
"Ruwan fa? Rijiyar wa?"

Duk suka juyo suna kallo na.
Na duba ƙasa:
ashe a kujerarsa nake zaune,
kofina kuma ya huce.